Likkafanin Malam Mamuda

Ranar da za a tafi da Malam Mamuda Landan aikin jijiyar zuciya, sai da ya zagaye Roni yana neman gafara. Ya haura tamanin, kuma likitan Kano bai ɓoye masa ba: tsoho irinsa da wuya ya farka. Ɗansa Sama'ilu ne ya matsa, kuɗin kwangila na zamanin man fetur suna yi masa ƙaiƙayi.

Ya nemi gafarar liman, har da mahaucin da suka daina gaisawa. Da ya zo kan matarsa Dela, sai baki ya yi nauyi. Ya miƙa mata farin yadin da ya sayo a Makka.

"Ajiye mini likkafanina. Kada ki bari gara ta riga ni shiga."

"Kai dai, Malam, bakinka ba ya faɗin alheri," in ji ta. "Sai ka dawo."

Turawa suka tsaga ƙirjin, suka ɗinke, ya farka. Ko yaushe ya tambayi gida, Sama'ilu ya ce lafiya lau, don likita ya hana a tayar masa da hankali.

Ya dawo da ƙafarsa. Tun daga zaure ya ɗaga murya: "Hajiya, fito da yadin nan a ɗinka mini taguwa, mutuwa ta ƙi ni!"

Ba wanda ya yi dariya. Sama'ilu ya durƙusa.

"Baba, a cikinsa aka sa Inna. Zazzaɓi ne, muna can."

Roni kaf ta yafe masa. Mutum ɗaya ya bari sai ya dawo, kuma tun a jirgi yake bitar abin da zai ce mata: Dela, ki yafe mini.