Kabad ɗin Kaka

Shugaban ƙungiyarmu ta masu ɗanɗana giyar inabi a birnin Mendoza na Ajantina ya cusa hanci cikin baƙin tambulan mai ɓoye launin giya. Shekara uku ba ya jin ƙamshi, yana ɓoyewa kada ya rasa kujerarsa. Duk mun sani.

"Ƙamshin kabad ɗin kakata," in ji shi.

"Mai ƙofa ɗaya," in ji likitanmu, yana shinshina nasa.

"Gyara hancinka, maigida, ƙofa biyu ne," in ji matar likitan.

Sai mai masaukinmu ya shigo da kwalbar giyar a toshe, ba a ma buɗe ta ba. "Ku yi haƙuri, ruwan ɗauraye tambulan ne a gabanku."

Tsohon shugaban namu ya sunkuyar da kai. Na ɗauki alƙalami, na dubi mai masaukin.

"Famfon kicin ko na lambu? Surukina zan kai wa kwalba biyu."