Gishiri a Miyar Tanimu

Tun da aka wajabta awarwaron da ke yin ja idan shanyewar ɓarin jiki na haƙon mutum, mota ba ta tashi a hannun wanda nasa ya yi ja. Da safe na Malam Tanimu direba ya yi ja. Ya yi ta murɗa makulli, bas ɗinsa ko tari ba ta yi ba.

Ya je asibitin unguwa, ya miƙa wa malamar jinya hannu.

"’Yata, na bar taba, na bar gishiri, naman Sallah ko ɗanɗanawa ban yi ba. Maganin hawan jini ba na fashi. Me ya rage?"

Ta duba, ta sassauta murya. "Baba, shekaru ne da gado. Ba ciwon nan ne ya kwantar da mahaifinku ba?"

"To, uban nawa zan canza?"



A ƙasa ya koma gida. Matarsa Asabe na kaɗa miyar kuka, lami kamar kullum.

"Asabe, yau ki sa gishiri."

Ta daɗe tana kallon wuyan hannunsa. Sannan ta zuba, har ta ƙara da man shanu, alhali bai roƙa ba.