Dogon da Ke Cikin Madubin Lauratu

Imrana ya jingine madubin wani alhaji a bangon tsakar gida, wai don man katakon ya sha rana. Ya koma zaure ya zauna, ya karkata kai. Bai yi ba. Ya tashi ya ƙara juya shi kaɗan. Yauwa! Yanzu daga inda yake goge firem, wato katakon da ke zagaye madubi, yana hango ƙofar ɗakin matarsa Lauratu tsaf.

Duk Ƙaura Namoda babu mai hannunsa a gyaran tsofaffin madubai. Na gidajen reluwe, na attajiran Shinkafi da gara ta cinye katakonsu, a kawo masa su kamar na zubarwa, ya mayar da su sababbi fil. Amma madubin cikin gidansa, wanda Lauratu ta gada wajen kakarta ta Zurmi, samansa ya ci ya yi baƙi ƙirin. In dogo ya tsaya a gabansa, daga wuya zuwa ƙasa kawai ake gani. Ta roƙe shi ya gyara har bakinta ya gaji, kullum sai ya ce gobe.

Ga shi Allah ya zuba wa bawan nan kishi, kishi na ban haushi. Mai itace ya yi sallama da murya mai daɗi, saki ɗaya. Ɗan kawunta ya daɗe ana gaisawa, saki na biyu. Da ƙyar Liman ya ɗinke ɓarakar, ya ja masa kunne cewa igiya ɗaya ta rage, in ta tsinke babu komawa. Kuma wallahi Imrana yana son Lauratu kamar ransa, shi ya sa abin yake cin sa.

Tun kamawar azumi ta canza masa. Da an yi azahar sai Adda Hassana, maƙwabciyarsu mai ɗinki, ta shigo da ƙunshi a ƙarƙashin mayafi, su shige ɗaki, a saki labule, sai ƙus-ƙus da dariya. Yatsun Lauratu duk ƙananan huda. Turmi ma ya bar tsakar gida ya koma ɗaki, da ya tambaya ta ce rana ke tsaga shi. Shi kuwa hankalinsa yana kan katangar baya, wadda damina ta rushe har yaro ma zai iya tsallakewa.

Ranar nan iska ta ɗaga labulen.

A cikin madubin alhaji ya hango madubin kakar, a cikin madubin kakar kuma ya ga namiji. Dogo ne, tsayinsu ɗaya da Imrana. Babbar riga ce a jikinsa, shuɗiyar shadda mai aikin aska, yana juyawa dama da hagu yana saɓa hannun riga, taƙama kamar a gidan ubansa. Sai ga dariyar Lauratu, irin wadda ta daɗe ba ta yi masa ba.

Da azumi a baki! Firem ɗin ya suɓuce daga hannunsa. Ya ratsa tsakar gida da gudu, amma kafin ya kai an banko ƙofa, an sa sakata.

“Dakata, Malam! Kada ka shigo!” in ji Lauratu.

Ya ji ana kiciniya a ciki, wani abu mai nauyi ya faɗi. Da aka buɗe, ga ta nan tana haki tana murmushi, gumi a goshinta, Adda Hassana zaune a kan akwati, tagar baya a buɗe.

Kalmar ta zo masa har kan harshe, ya haɗiye ta. Shari'a ba ta daɗe da kafuwa a jihar ba, kuma kowa ya ji a masallaci: wanda ya jefi mace da zina babu shaidu huɗu, bulala tamanin ce a bainar jama'a. Shi kuwa shaidarsa gilashi. To, akwai maganar da ba ta buƙatar shaida.

“Tahi gidanku. Na sake ki.”

“Mi na yi maka, Malam?”

Ya juya ya koma zaure. Adda Hassana ta ɗora hannu a ka tana salati. Kafin la'asar Lauratu ta shiga motar Zurmi, ko madubin kakarta ba ta waiwaya ba.

Sauran azumin a zaure ya ƙarasa shi, yana buɗa baki da ruwan randa, yana kallon duk dogon da ya gitta da shuɗiyar riga. Kewarta ta hana shi sakat, kishin ya hana shi nadama.

Ranar jajibirin Salla, Adda Hassana ta tsaya a bakin zaure, ba sallama ba gaisuwa, ta jefa masa ƙunshi a gaban ƙafa. Ya kwance. Shuɗiyar shadda ce mai aikin aska, allura na soke a wuyanta inda aikin ya tsaya.

“Rigar Sallarka ce,” in ji ta. “Da hannunta ta yi maka aikin, kuma turmi take hawa ta sa ta gaban madubi, don in daidaita tsawon da naka.”