Gurbina a Rafin Giginya

Tun da garuruwanmu bakwai suka haɗa kai suka tsara zama, kowane gari yana da adadin mutanen da zai ɗauka, don ruwa ya ishi kowa. Da na yi aure a Tudun Marke, sai aka ba wata Lantana gurbina a Rafin Giginya, har da ɗakina a gidan Inna. Auren ya mutu bara, amma gurbin bai dawo ba.

Ranar Laraba na je gaida Inna. A ƙofar gari aka ɗaura min zaren ziyara, wanda in ya yi ja dole mutum ya fita.

Na tarar Lantana tana yi wa Inna kitso, kan Inna a cinyarta. A da ni nake yi mata.

"Yaya Hansatu, kin rame!" in ji Lantana. "Ruwan Tudun ne bai karɓe ki ba?"

Murmushi kawai na yi. Na zaro takardar neman komawa gida, na ajiye a gefen tabarma. Sa hannun Inna kaɗai take jira, kuma in ta sa, Lantana ce za ta tashi.

Inna ta dubi takardar, ta dubi zaren hannuna da ya fara sauya launi.

"Yarinyar nan ke gasa min gwiwa kullum," ta ce a hankali. "Bari dai a gama kitson."

Saura guda biyu a gama. Lantana ta ce na tsakiya ya karkace, ta fara tsefewa.