Silin Gashi a Cikin Miya

Yaya ta ɗago silin gashin daga cikin miyar da yatsu biyu, tana yatsina fuska kamar ta ɗauko mushen ɓera.

"Ka ga ƙazantar da ka auro mana?" ta ce wa ƙaninta. "Mace ko kanta ba ta iya ɗaurewa, wai ita ce mai girki. Ni shekarata hamsin, ko furfura ba ta yi gigin taɓa kaina ba, saboda tsafta."

Matar ƙanin ta rantse cewa da ɗankwali a kanta ta yi girkin. Yaya ta ja dogon tsaki. Ita dai yau sai yarinyar nan ta kwana a gidan ubanta.

Ƙanin malamin kimiyya ne, kuma ya zo gida da madubin makaranta mai ƙara girman abu. Yaya da kanta ta ce ya ɗauko.

"Saka shi mu gani. Na tabbata har ƙwan ƙwarƙwata za ka tarar."

Ya shimfiɗa gashin a kan gilashi, ya leƙa, ya daɗe bai ɗago ba.

"Faɗi mana, kunyarta kake ji?"

"Ba ƙwarƙwata, Yaya," ya ce a hankali. "Sai dai gindinsa fari ne fat. Sauran duk rini ne."

Matar ta sunkuyar da kai, tana danne dariya.

Yaya ta jawo ɗankwalinta har kan gira.