Baba Wiebe Ya Koma Titi

Marrit tana tsakiyar yanka wa wata mata cuku wayarta ta sake ƙara. Auke ne, maƙwabcin iyayenta, mutumin da ba shi da aiki sai leƙen shinge.

"'Yar nan, na sake ganin tsohonki a mota. Ya wuce ni a titin bakin ruwa, gwiwar hannu a taga, har da ɗago mini yatsa kamar wani minista. Jira kike a tsamo shi da ƙugiya?"

Mahaifinta Wiebe ya tsufa yana tuƙa tankar madara a ƙauyukan Friesland na ƙasar Holan, ko fenti bai taɓa kankarewa ba. Sai hazo ya sauko masa a idanu. Bara likita ya ƙi sa hannu, lasisi ya mutu, Marrit da kanta ta sayar da motarsa. Daga ranar ya daina zuwa coci, ya daina zuwa wasan kati. Ya ce gara ya ruɓe a kujera da a gan shi ana jigilarsa kamar buhun dankali. A gidan nan shi kaɗai aka sani da sitiyari.

Mahaifiyar Marrit, Hiltje, 'yar firit ɗin mace mai baki kamar reza, ba ta yafe mata cinikin nan ba. Ko da ta je ta'aziyyar mijin ƙanwarta a Hull ta Ingila ta dawo, tsarabar Marrit gaisuwa ce kawai.

Yanzu kuma ga wata tsohuwar koriyar mota ta ɓullo. Duk zuwan da Marrit ta yi, sai ta tarar an kulle ta a rumfa, an lulluɓe da tamfol, makulli a aljihun Hiltje.

"Mama, daga ina motar nan?"

"Daga inda motoci ke fitowa."

"Auke ya ce sau biyu ana koro ta daga wurin duba motoci."

"Fitilunta ne wai suke kallon gefen da bai dace ba. An canza. Sai kuma agogon gudu, shi ma an canza. Wahalar da na sha ba ke kika sha ba. Ki shanye kofinki."

Makaho da mota mai harara-garke. Marrit ta fita ko kofin ba ta taɓa ba.

Ta je wurin 'yan sanda. Wani matashin ɗan sanda ya danna na'ura ya ce motar ta cika kowace ƙa'ida: an biya haraji, an ba ta sabuwar lamba, akwai inshora, duk da sunan mahaifiyarta. To mana, wa zai sa sunan wanda ba shi da lasisi? In tana so su ɗauki mataki, sai ta shigar da ƙara a kan ubanta. Ta san abin da zai biyo baya: kunya a gaban ƙauye, daga nan gidan tsofaffi. Ta kuma san zurfin ruwan da ke gefen titin, da yaran makaranta masu bi ta nan a keke.

Auke bai bar ta ta huta ba. Wai mutumin da a da ba a shan gaban tankarsa, yanzu bin bayan tarakta yake kamar mai rakiyar gawa, ya kasa wucewa. Wai tayoyinsa ciyawar gefe suke ci. Wai a coci can bayan maƙabarta shi da Hiltje suke fakin, inda ba kowa, sannan ya tako a ƙasa yana kaɗa makulli.

Ranar Lahadi Marrit ta gitta motarta a titin bakin ruwa, ta tsaya tana jira cikin yayyafi. Zuciyarta tafasa take. Ba za ta kai ƙarar ubanta ba, amma makullin nan yau sai ya kwana a ƙasan ruwa.

Koriyar motar ta taho a hankali, gilasanta duk tururi, ta ci birki da gargada. Bayanta motocin 'yan coci sun fara layi. Marrit ta nufi ƙofar hagu, gefen direba, ta fizge ta.

"Baba, ya isa! Kashe mutane za ka yi?"

Ta miƙa hannu za ta zare makulli, hannun ya wuce cikin iska. Wiebe na zaune da hular coci, tafukansa a kan cinya, babu komai a gabansa.

"Rufe ƙofar nan, sakarya, kafin na baya su gani," in ji Hiltje daga kujerar dama, a ɗane kan matasai biyu, hannuwanta a kan sitiyarin motar da ta tuƙo tun daga Ingila, inda sitiyari a dama yake.