Fitilar Likita Tiwari

Kowace Asabar da safe Saloma ce ke zuba man riɗi a 'yar fitilar ƙasa, ta ajiye a bakin ƙofar ɗakin. Ba ta shiga. Likita Tiwari ne ke ɗauka da kansa ya kai gaban wani hoto da ke bango.

Sau ɗaya ta taɓa ƙare wa hoton kallo, kuma ya ishe ta. Wani baƙin mutum ne mai fiƙoƙi, da mashi mai baki uku a hannu ɗaya, ƙoƙon kan mutum a ɗayan, ga kare a gindinsa. Likita ya ce sunansa Kala Bhairawa, mai tsaron lokaci da ajali a addininsu na Hindu. In ya gama addu'o'insa sai ya fito da gurasa ya ba baƙin karen unguwa, don a wurinsu kare ne abin hawan wannan abin bauta.

Shekara biyar ke nan tana yi masa girki, tun 2003, shekarar da mijinta Ezekiel ya mutu a hannunsa.

Ƙaba ce ta hana Ezekiel noma, suka taho daga Dabai zuwa ɗan asibitin Ba'indiyen, wanda ya yi shekara ashirin a Zuru ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Mutum ne mai tsantseni. Tun ana gobe aiki ya kafa doka, ko ruwa kada ya wuce maƙoshin majinyaci, don kada ya taso ya shaƙe shi in an ba shi maganin barci. Ezekiel ya wayi gari yana mitar yunwa, Saloma na gefensa tana lallashi. Ƙarfe tara aka shiga da shi. Kafin goma Likita ya fito shi kaɗai.

Dangin miji na tsaye a baranda. A gabansu akwai Haggai, wan Ezekiel, wanda tun ranar aure jininsa bai haɗu da na Saloma ba, kuma ya sha faɗa cewa 'ya'yan ƙanensa na gidansu ne, ba na mace ba. Shi ya tambayi abin da ya kashe ɗan'uwansa.

Likita ya dube su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, "Kuskurena ne. Maganin barci ya yi yawa."

A ranar aka farfashe tagogin asibitin. Maganar ta kai ga hukuma, aka hana shi yin tiyata. Ma'aikatansa suka watse, masu zuwa daga Mahuta da Kanya suka ɗauke ƙafa. Wasu ma suka ce dodon da ke ɗakinsa ne ya nemi jini. Haggai kuwa, da yake ya sami inda zai sauke fushinsa, sai ya bar Saloma a ɗakinta da 'ya'yanta biyu, Sila da Beatrice, da gonar ubansu.

Wata uku da binne Ezekiel ta je gidan Likita ta ce tana neman aiki. Bai tambaye ta dalili ba, ya nuna mata madafa. Gari ya ɗauka. A coci har misali ake yi da ita in ana wa'azin yafiya, ita kuwa sai ta sunkuyar da kai kamar an ɗora mata dutsen niƙa. Tana ganin yadda mutumin ke ƙarewa a zaune, akwatin kayan aikinsa na tsatsa a ƙarƙashin gado, yara na jifan karen da yake ciyarwa. Ta kan ƙara masa nama a miya, ta wanke har abin da bai yi datti ba.

Wata rana ta yi ƙarfin hali ta tambaye shi labarin ƙoƙon. Ya ce Bhairawa ya taɓa sare kan wani babba cikin fushi, sai ƙoƙon ya manne masa a tafin hannu. Ya yi shekaru yana yawo da shi gari gari kafin ya faɗi.

"To kai me kake roƙo a wurinsa, Likita?"

"Mai ɗauke da ƙoƙo nake roƙa wa a sauke masa."

Ta koma madafa ta hau yankan albasar da ba ta da bukata.

A 2008 idanunsa suka fara gazawa, 'yarsa ta aiko daga Indiya lallai ya koma gida. Asabar ta ƙarshe motar da za ta kai shi Abuja na jira a waje, an gama ɗaure kaya, hoton kaɗai ya rage a bango. Saloma ta zuba mai a fitila. Ta tsaya a bakin ƙofa yadda ta saba, sannan ta cire takalmi ta shiga. In ya tafi yau, ba ta da sauran wanda za ta faɗa wa.

Ta durƙusa ta miƙa wa Likita fitilar.

"Likita, akwai maganar da tun ranar nan..."

Ya ƙyasta ashana ya kunna, ya gyara lagwani da ɗan yatsa. Bai juyo ba.

"Ba sai kin faɗa ba, Maman Sila. Yara sun girma, Haggai ba zai iya raba ki da su ba yanzu," in ji shi a hankali. "Kunun gero kika ba shi da safen nan. Ni na kwashe shi daga maƙogwaronsa da hannuna."